Ta Ce Ta Saba

Ni na fara ganin abin da zai sami Hanane, tun ranar da aka ɗaure akwatinta a bayan mota. Uwar da ta haife ta tana tsaye ba ta gani ba, ubanta yana ɗaukar hoto da waya bai gani ba, sai ni Ousseini direba, wanda bai taɓa zama kan bencin lakwal, wato makarantar boko, ko na wuni ɗaya ba. Shekara talatin da shida na yi ina jan babbar mota daga Kwatano zuwa Yamai. Sau biyu mota ta kife da ni, sau ɗaya ta kama wuta a gaban Parakou, na fito da raina da yatsu takwas. Mutumin da ke jin ciwon inji tun kafin ya tsaya ba za a ɓoye masa ciwon yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba.

Abin da na gani shi ne ba ta yi kuka ba. Matan gida suna ta yaba mata, wai jaruma ce. Ni kuwa na ga lokacin da ta koma ɗakin kakarta da gudu kamar ta yi mantuwa, ta fito cikinta ya ɗan tasa. Tsohon zanen kakar ta cusa a ƙarƙashin riga. Na ce a raina, wadda ta saci ƙanshin mutum ta tafi da shi ba ta shirya rabuwa da shi ba.

Kakar ita ce Hajiya Hauwa, matar yayana marigayi. Ɗanta Shamsudeen shi ne uban yarinyar, yana fitar wa mutane kaya daga tashar jiragen ruwa. Hanane 'yar fari ce a wurin matarsa Zuwaira, don haka tun da aka yaye ta aka miƙa wa Hajiya. Gadonsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Zuwaira ko sunanta ba ta kira, sai dai ta ce "'yar Hajiya," saboda kunyar ɗan fari. Ni kuma, da yake jikata ce ta wasa, matata nake ce wa Hanane, ita ta ce mini ango mai guntun hannu.

Shamsudeen ya ga abokan aikinsa suna kai 'ya'yansu anterna, makarantar kwana, shi ma ya samo wata ta 'yan mata can bayan Godomey, kan hanyar arewa. Ba a shiga da waya. Ana zuwa gani ranar Lahadin farko ta kowane wata. Sai ya kafa doka a gida: ba mai zuwa, ko shi, ko uwar, balle Hajiya, har zangon farko ya ƙare. Ya ce in tana ganin fuskar gida ba za ta saba ba. Ni kaɗai aka yarda in riƙa kai saƙo, wai ni na san hanya, kuma fuskata ba ta sa kowa kewa.

Lahadin farko na Oktoba na ɗauki jaka na tafi. Hajiya ta sa yaji da dambun nama da ƙuli-ƙuli, ta ɗaure da hannunta. Na tarar da iyaye sun cika ƙarƙashin itatuwan mangwaro, an baza tabarmi, kowace yarinya tana tsakiyar nata. Hanane ta fito cikin rigar makaranta mai ruwan ƙasa, tana leƙen bayana. Da ta tabbata ni kaɗai ne, sai ta yi murmushi don kada in ji kunya. Na ce, matata an zama madam, ba a gaishe da miji? Ta ce ango ya ƙara tsufa. Iyakar wasan da muka yi ke nan.

Ta faɗa mini ƙararrawa ke ta da su, ƙararrawa ke kai su wanka, ƙararrawa ke ba su abinci. Faransanci kaɗai aka yarda a yi, in an fita kuma sauran suna yin yarensu, ita ba mai jin nata. Wata uku za ta yi ba ta furta Hausa ba sai da ni. Abincin ma ba irin na gida ba ne, tana taɓawa ta tashi. Da zan tafi ta ba ni takarda a ninke, ta ce, "Ka ba Iya a hannunta." Haka take kiran Hajiya.

Na ba Hajiya a hannunta. Amma Hajiya irina ce, boko bai ratsa ta ba, kuma yarinyar da Faransanci ta rubuta, don shi kaɗai aka koya mata rubutawa. Aka jira Shamsudeen ya dawo bayan la'asar. Ya tsaya a ƙofar ɗaki, ko takalmi bai cire ba, ya buɗe takardar, idonsa ya bi ta sama-sama, ya ce tana gaida kowa, ta ce sa va.

Ga wanda bai zauna Kwatano ba, sa va na nufin lafiya lau. Amma kunnen Hajiya na Hausa ne.

Ta ce, "Ta ce ta saba?"

Shamsudeen ya yi dariya. Ya ce, "I, Hajiya. Ta ce ta saba."

Hajiya ta ce alhamdulillahi. Ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin filo. Amma ina zaune a wurin, na ga yadda leɓenta ya yi. Bayan ya fita ta ce da ni, ba tare da ta kalle ni ba, ashe yaran yanzu wata ɗaya ya ishe su. Shekara goma tana kwana a bayanta.

Ni ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga. Takardar nan gaba da baya a cike take. Na sha tsayawa gaban 'yan duwan, wato kwastan, a kan iyaka ana karanta mini takardar da ba ta kai rabin wannan ba, sai ƙafata ta gaji. Yaya za a yi shafi biyu su ƙare a numfashi ɗaya?

Lahadin Nuwamba na koma. A wannan karon sai da aka kira ta sau biyu. Awarwaron da Hajiya ta sa mata, wanda da yake kama hannunta, ya zame har gwiwar hannu. Gefen bakinta ya tsage. Na buɗe jaka na ce ta ci dambu a gabana, ta ɗebi kaɗan ta riƙe a hannu tana shinshinawa. Na tambaye ta zanen nan da ta sato. Ta ɗago da sauri, don ba ta san na gani ba. Ta ce mai kula da ɗakin kwana ta same shi ƙarƙashin filo, ta ce ƙazanta ce, ta sa an wanke shi da sabulu mai ƙarfi. An dawo mata da shi fes. Yanzu ba ya warin kowa.

Sai ta tambaye ni abin da Iya ta ce da aka karanta mata takarda. Na ce ta ce alhamdulillahi. Yarinyar ta sake tambayata.

"Alhamdulillahi kawai?"

Na ce shi na ji. Ta sunkuyar da kai. Ta ba ni wata takardar, wannan karon ganye biyu. A gida Shamsudeen ya karanta ta yana amsa waya da ɗaya hannun. Tana gaida kowa, karatu na tafiya, ta saba.

Washegari na sami Zuwaira tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na ce mata 'yarta ta rame, awarwaro na yawo a hannunta. Hannun Zuwaira ya tsaya cikin faranti. Sai ta ce, Baba, ni me zan ce a kan 'yar Hajiya? In na buɗe baki a ce ba ni da kunya, ina rawar kai a kan ɗan fari. Na ce kunya ba ta hana uwa hawa zemijan, babur ɗin haya, zuwa Godomey. Ta ce maigida ya hana, kuma shi ya san boko, shi ya san abin da ya dace. Ta ci gaba da tsintar shinkafar da ba sauran tsakuwa a ciki.

Shamsudeen na tare shi a zaure. Ya saurare ni da ladabi, yana jujjuya makullin mota. Ya ce kowa haka yake farawa. Ya ce 'yar abokinsa a Akpakpa sai da ta yi wata huɗu tana kuka, ga ta yanzu tana karatun likita. Ya ce rama ba ciwo ba ce, tsawo take yi. Ya ce Hajiya ce ta shagwaɓa ta, shi gyara yake yi. Na ce to takardun fa, me ke cikinsu? Ya ce shirmen yara ne, ba abin da za a ɗaga wa tsohuwa mai hawan jini hankali da shi.

A cikin watan nan Hajiya ta fara ajiye cokali. Ba wani ciwo na a zo a gani ba. Ta daina fitowa bakin ƙofa da hantsi, ta daina faɗa da masu talla. Da na zo karɓar saƙon Disamba sai na tarar ba ta daka yaji ba. Ta ce wadda ta saba da abincin Turawa me za ta yi da yajin tsohuwa. Zuwaira ce ta haɗa jakar a ɓoye, ta miƙo mini ta bayan ƙyaure.

Hanane ta buɗe jakar, ta lasa yajin, ta ce wannan ba dakan Iya ba ne. Na ce hannunta ke ciwo. Ranar a ɗakin jinya na makaranta na same ta, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Sun kira ubanta, ya ce su ba ta magani, ya gode. Ba ta yi mini wasan miji ba. Ta ciro takarda daga cikin zanen da aka wanke ta ba ni, ganye ɗaya tak.

Wannan ban kai gida kai tsaye ba. Na sauka a unguwar Sainte-Rita, wurin Sabrina, wata mai shagon buga takardu da na sani tun ina sabunta lasin. Na ce ta karanta mini, ta juya da Hausa, kada ta rage ko wasali. Ta fara da murmushi, kafin ta kai tsakiya ta cire tabarau. Ga abin da ta karanta, kuma na haddace shi kamar lambar motata:

"Iya, wannan ta uku ce. Na ce miki ba lafiya, na ce miki ba na iya cin abinci, na ce miki ina kiran sunanki a bayan ɗakin wanka don kada in manta yadda ake magana. Baba Ousseini ya ce kin ce alhamdulillahi. In laifi na yi aka kawo ni nan, ki faɗa mini laifin in ba da haƙuri. In kin gaji da ni ne, ba komai, ki aiko mini da wani zanen da ba a wanke ba. Ba zan sake roƙon a zo a ɗauke ni ba."

Na sa Sabrina ta nuna mini inda sa va yake a takardar. Ta ce yana nan sau uku, amma kowanne da "ba" ɗinsa gaba da baya, irin na Faransanci. Ba lafiya ba, ba lafiya ba, ba lafiya ba. Shamsudeen ya tsince kalmar tsakiya ya zubar da sauran. Na ce ta buga mini kwafi a injinta, na sa a aljihu.

Da yamma na sami Shamsudeen a ƙofar gida tare da abokansa biyu, ana shan shayi. Na ja shi gefe, don ni ba na tozarta ɗan yayana a gaban baƙi. Na maimaita masa takardar daga ka, kalma bayan kalma. Fuskarsa ta canza, amma ba irin canjin da na so ba.

Ya ce, "Baba, kai ka kai sirrin gidana kasuwa? Kai da ba ka san alif na boko ba, kai za ka koya mini tarbiyyar 'yata?"

Na ce ban san alif ba, amma na san ƙarya in an karanta ta. Sai ya sassauta murya, ya dafa kafaɗata. Ya ce saura mako biyu da 'yan kwanaki a gama jarrabawa a ba da hutu, da kansa zai sa a kawo ta. Ya ce in na faɗa wa Hajiya jininta ya hau ta faɗi, alhakin a wuyana yake.

Na yi alfahari da abubuwa da yawa a rayuwata, kuma duk na cancanta. Amma kwana bakwai ɗin da suka biyo baya ba sa ciki. Ni da na fito daga cikin wuta, maganar yaron da aka yi wa suna a gabana ta ɗaure mini baki. Kullum sai in shiga gaida Hajiya da takarda a aljihu, in fito da ita.

A rana ta takwas na shiga da hantsi, na zauna a bakin gado, na faɗa mata duka. Ban rage ko wasali ba. Jininta bai hau ba, ba ta faɗi ba. Dariya ta yi, hawaye na bin kuncinta, ta ce ashe 'yar banzar ba ta manta da ni ba. Ta yunƙura ta zauna, ta cire zanen da ke jikinta na sama ta ninke, ta ce a kira mata Shamsudeen.

Ya zo ya durƙusa kamar ɗan kirki. Ta ce ya je ya ɗauko mata yarinyarta yau. Ya ce to, Hajiya. Ya ce sai dai an fara jarrabawa, in aka cire ta yanzu shekarar ta lalace. Ya ce kwana tara ne kawai. Ta ce to a kai ta ita, ta gan ta ko ta bayan shinge ne. Ya ce likita ya hana ta doguwar tafiya, ga cunkoson Godomey. Ta ce a kai zanen. Ya ce ba a karɓar saƙo sai ranar ziyara. Kowace magana da amsarta a shirye, kuma duk cikin ladabi. Yana fita ya harare ni.

Ban jira izininsa ba. Washegari na ɗauki zanen na tafi. Mai gadi ya ce ba ranar ziyara ba ce, kuma uban yarinyar ya bugo da safe ya ce kada a bar kowa ya dame ta. Na yi rantsuwa, na nuna masa yatsuna, na ambaci manyan da na taɓa ɗauka a mota. Ya karɓi ƙunshin ya ce zai ajiye a ofis har a gama jarrabawa.

Hajiya ta rasu kwana huɗu bayan haka, ranar Juma'a da hantsi, tana ƙirga kwanakin da yatsa. Aka yi jana'iza bayan an sauko daga masallaci, unguwarmu ta Zongo ta cika. Na ce a je a ɗauko yarinyar ta ga gawar kakarta. Shamsudeen ya ce saura jarrabawa biyu ta rubuta, kuma Hajiya da kanta ba za ta so a ɓata mata karatu ba. Mutane suka gyaɗa kai, suka ce ya yi tunani. Matacce ba ya musu.

Ranar hutu ni aka aika. Aka ce kada in faɗa mata a hanya. Ta fito da akwati, da ƙunshin zanen da aka ba ta a ofis da safen nan. Ta rungume shi a ƙirji, fuskarta a ciki. Rabon da in ga haƙoranta tun Satumba. Ta ce, ango, ashe Iya ta ji. Ta ce ta ɓoye mata sabulun wanka guda biyu da aka raba musu. Tun daga ƙofar makaranta take zuba Hausa kamar an buɗe famfo, har muka shiga cunkoson Godomey motar ta tsaya cak.

A nan na faɗa mata. Na riga na yi shirun kwana bakwai sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Na faɗa mata rasuwar, na faɗa mata yadda aka karanta takardunta, na faɗa mata dariyar da Hajiya ta yi da ta ji gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni abu ɗaya: ran da Iya ta ce alhamdulillahi, me aka ce mata na rubuta? Na ce an ce kin ce kin saba. Ta juya tana kallon masu tallan burodi ta taga. Haka ta yi ta kallo har muka iso Zongo.

A gida an share ɗakin Hajiya, an jingine katifa. Shamsudeen ya tare ta da fara'a ya tambayi jarrabawa. Ta ce sa va. Ya yi mata ta'aziyya, ya ce haƙuri za a yi. Ta ce sa va. Da hutu ya ƙare ba wanda ya ce ta shirya. Da asuba akwatinta na bakin ƙofa.

Yau shekara huɗu ke nan. Ta yi ƙiba, ta yi tsawo, ita ke zuwa ta ɗaya a aji. Ba ta sake rubuto takarda ba. In an ba da ƙaramin hutu sai ta roƙi a bar ta a makaranta, wai za ta yi bita. In ta zo babban hutu tana gaida kowa a tsaye, ta shige ɗaki da littafi. Ni kaɗai take yi wa Hausa, ni ma ba ta ƙara ce mini ango ba.

Bara, ranar da za ta koma, Zuwaira ta kasa daurewa. Ta biyo ta har zaure ba mayafi, a gaban mutane, ta kira sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar suna. Ta ce, "Hanane." Yarinyar ta tsaya, ta juyo, ta amsa da kalmar da ake amsawa in malami na kiran suna a aji. Ta jira ko akwai saƙo. Babu. Ta shiga mota.

Yanzu Shamsudeen ke zuwa wurina da ƙorafi. Wai yarinya ba ta sakin jiki da su, wai in ya kira ta a wayar makaranta kalma biyu take ba shi ta ajiye, wai ko zan yi mata magana tunda tana jin tawa. Na ce masa me kake nema kuma? Abin da ka aika ta ta koyo ke nan, kuma kai ka fara karanta shi a ƙofar ɗakin uwarka tun ba ta rubuta ba. Ta saba.

Na san akwai masu cewa tsohon direba ne, surutu ya yi masa yawa, ya ƙara gishiri. To ina nan Zongo, ba na ɓuya, duk mai zemijan ya san gidan Ousseini mai yatsu takwas. Kwafin takardar yana cikin gwangwanin da nake ajiye tsohon lasina. Wanda ke shakka ya zo da mai karatun Faransanci nasa, ba nawa ba, mu je ƙofar gidan Shamsudeen lokacin da ake shan shayi, a karanta ta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa. In Shamsudeen ya iya ɗaga kai ya kalli mai karatun har a kai wurin zanen, ni zan ba da sauran yatsun.